Daga Masaukin Baƙi Zuwa Gidan Haya: Waiwaye Kan Gida da Gyaransa a Ƙasar Daura

Da farko ina miƙa godiyata ga Edita da 'yan kwamitinsa da suka ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini. Waɗanda suka halarci babban taronmu na shekara-shekara, wanda aka yi a ɗakin taron makaranta kwana biyu bayan Babbar Salla, za su tuna da shawarar da wani daga cikin yayyenmu ya kawo, cewa a ɗebi kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya, a haɗa da karo-karo, a sayi fili a bayan gari a gina ɗakunan haya na ɗalibai, domin ƙungiya ta riƙa samun abin shiga ba sai an yi ta bin membobi da ƙoƙon bara ba. An yi tafi, har wasu suka fara lissafi da baki, ɗaki ashirin sau kaza, shekara kaza an mai da uwar kuɗi. Ni dai ban ce uffan ba, domin a wurin akwai waɗanda suka bar makarantar tun ba a haife ni ba, kuma ba a san mu da shiga gaban manya ba. Amma da na koma gida abin ya yi ta damuna, saboda a duk lissafin da aka yi ran nan ban ji wanda ya ambaci gyara ba, ko da sau ɗaya.

Ni ba magini ba ne, ba kuma dillali ba. Ma'aikacin gwamnati ne, tarihi na karanta a jami'a. Sai dai shekara tara ke nan ina riƙe da littafin gidan hayar da mahaifinmu ya bar mana a Daura, Allah Ya jiƙansa, kuma wahalar wannan gida ce ta sa na koma ina tambayar dattawa, ina duba littattafai, don in san yadda aka yi gida ya zama jari a ƙasarmu, da kuma inda gizo ke saƙar.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, a Daura ta da, gida ba abin haya ba ne. Baƙo idan ya shigo gari, masauki ake ba shi. Idan malami ne ko almajiri, zauren wani malami yake nufa. Idan baƙon Sarki ne, akwai bafaden da za a ce ya sauke shi. Har gobe muna ganin ragowar wannan ɗabi'a lokacin Sallar Gani, sa'ad da gari ke cika maƙil da mutanen Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, amma kowa ya sami inda zai shimfiɗa tabarmarsa ba a tambaye shi ko kwabo ba. Wanda ya zo zama kuwa, aron ɗaki ake ba shi ko aron gida, kafin mai unguwa ya nuna masa inda zai kafa nasa. Abin da ya fi kama da haya a wancan zamani shi ne sha'anin fatake da fatoma. Falke yakan sauka gidan fatoma da jakunansa da kayansa, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye. To amma shi fatoma ba daga ɗakin yake cin riba ba, daga la'adar ciniki yake ci. Ɗakin tarko ne kawai na jawo ciniki. Wannan tsari Hausawa sun tafi da shi har Kurmi da Gwanja, kuma wani Bature mai suna Abner Cohen ya yi cikakken bayaninsa a littafin da ya rubuta kan Hausawan Sabo ta Ibadan, wanda ya fito a 1969.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci ga maganarmu. A wancan tsari mutum ba ƙasa ya mallaka ba, abin da ya ɗora a kanta ya mallaka. Ƙasa tana hannun sarauta, daga Sarki zuwa hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Muddin gidanka yana tsaye, kana ciki ko naka suna ciki, ba mai taɓa ka, kuma 'ya'yanka su gada. Amma idan ka yi ƙaura ka bar shi damina ta cinye, ya zama kango, zuriyarka ba ta waiwaye shi ba, to wata rana za a nuna wa wani wurin. Watau ke nan, a zamanin kakanninmu yaɓen da mutum yake yi wa bangonsa kowace shekara shi ne takardar mallakarsa. Daura kuwa ta san yadda gidaje ke sauya hannu idan masu su suka gusa, tun daga 1805 lokacin da Malam Isiyaku ya ci garin a zamanin jihadi, sarautar Haɓe ta fita har ta kafu a Zango da Ɓaure, zuwa lokacin da Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango kan gadon kakanninsa. Mai son dogon bayani kan wannan sai ya nemi littafin M. G. Smith kan al'amuran Daura, na 1978.

Bari in ɗan tsaya a kan shi kansa ginin, domin da yawa daga cikin ƙannenmu ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba. Ana haƙo ƙasa mai danƙo, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa, sa'an nan a murza tubali a shanya. Bango yakan fara da kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake tashi. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, sai magina suka ƙware wajen ɗaurin baka, wanda shi ne ya ba da damar yin manyan soraye irin waɗanda muke gani a gidan Sarkin Daura. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a yi mata gangara zuwa bakin indararo. Daga nan sai aikin kare ginin daga ruwa: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana shafe bango da ita, laso kuma, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, shi ne simintin wancan zamani.

Duk wannan ƙwarewa tana da sharaɗi guda, shi ne ba a barin ta shekara guda ba kulawa. Da bazara ta yi, kafin ruwan farko, kowane maigida ya san aikinsa. A hau soro a cire ciyawa, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a gyara rawani da zankwaye, a ƙara wa gindin bango ƙasa inda fantsamar ruwa ta zaizaye. Ba wanda yake kiran wannan asara, kamar yadda manomi ba ya kiran noman farko asara. Yara su ɗebo ruwa, samari su tattaka ƙasa, maƙwabta su kama, a dama fura a sha. Akwai wani tsohon magini a unguwarmu wanda ya yi wa kakana aiki, ya yi wa mahaifina. Wata rana na kai masa kukan yadda gidan hayarmu ke cin kuɗi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kakanka ya san gida dabba ce, kullum sai an ba ta harawa. Ku kuwa kun ɗauka dutse ne." Na ce, "Baba, ai shi ya sa aka kawo siminti, don a huta." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Da wa ya huta? Nuna mini shi in je in yi masa barka."

To yaya aka yi ɗan haya ya bayyana? Amsar a taƙaice ita ce albashi da canjin wurin aiki. Turawa sun kafa dokar ƙasa ta Arewa a 1910, wadda ta sa duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, aka sabunta ta a 1916, sa'an nan Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962. A cikin birni irin Daura wannan bai sauya abu mai yawa ba nan take, domin En'e ce ta ci gaba da rabon filaye a dogon zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Abin da ya sauya shi ne irin baƙin. Yanzu ga malamin makaranta, ga malamin asibiti, ga malamin gona, ga ɗan sanda, ga akawun kamfanin sayen gyaɗa, mutanen da aka turo su ba don suna da kowa a garin ba, waɗanda za su yi shekara biyu ko uku a sake tura su gaba, kuma suna karɓar kuɗi kowane ƙarshen wata. Irin wannan baƙo ya fi ƙarfin zaure, bai kuma isa gina nasa ba. Manya daga cikinsu gwamnati ta ba su gidaje, ƙananan kuwa sai suka fara biyan wani abu ga mai ɗaki. Dattawa sun shaida mini cewa da fari kunya ake ji, har mai gida yakan ce a ba yara, ko a ce kuɗin goro ne. Wannan kunya ba ta bar mu ba har yau, kuma za mu sake gamuwa da ita a gaba.

Shekarun 1970 su ne suka buɗe ƙofa sosai. Kuɗin man fetur ya shigo, an fara bautar ƙasa a 1973, an yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta a wannan shekarar, ma'aikata suka yawaita. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da bashin watannin baya, mutane suka ga kuɗin da ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo, wasu suka ƙara aure. A shekarar ce kuma gwamnati ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas suna jiran a sauke su. Siminti da kwano suka zama alamar wayewa, ginin ƙasa ya zama abin da ake jin nauyin nuna wa baƙo.

Mahaifina malamin makaranta ne, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa kuɗin Udoji dabara. Ya sami fili, ya gina gida mai ɗaki takwas, huɗu na kallon huɗu, da tsakar gida, da masai biyu da wurin wanka a can ƙarshe. An gama shi a 1976. Da yake kuɗin bai isa bulo ba, sai ya yi abin da mutane da yawa suka yi a lokacin, watau ya tashi bango da tubalin ƙasa, ya yi masa filasta da siminti, ya rufa kwano. Daga waje gida ne na zamani. Daga ciki kuwa an haɗa abu biyu da ba sa jituwa. Ƙasa tana shan danshi tana kumbura, ta bushe ta tsuke, siminti kuwa ba ya motsi tare da ita. A hankali sai filastar ta saki bango, idan ka ƙwanƙwasa ka ji tana ƙara kamar ganga. Ruwa ya sami 'yar tsaga ya shiga, ba shi da hanyar fita, yana cin bangon a ɓoye. Bangon ƙasa tsirara idan ya fara lalacewa kowa na gani, a yaɓe shi da kwando biyu na ƙasa. Wanda aka lulluɓe da siminti kuwa ba ya faɗar ciwonsa sai ranar da zai faɗi. Namu ya faɗi ta gefen gabas a wata damina ina aji uku a makarantarmu, cikin dare, Allah Ya kiyaye ɗan hayar da ke ɗakin ya tafi ganin gida.

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Daga nan takardar shaidar mallaka, wadda galibi ake bayarwa ta shekara 99, ta zama ita ce hujja, kuma ba a sayarwa ko jinginar da fili mai irin wannan takarda sai da amincewar Gwamna. An saka dokar cikin tsarin mulki na 1979, tana nan kuma cikin na 1999. Ba ina kushe takarda ba ne, ta raba gardama da yawa. Amma a ganina ta kawo wani sauyi da ba a lura da shi ba. A da, gyara ne ke riƙe maka haƙƙinka. Yanzu takarda na cikin akwati, ko gida ya zama kufai naka ne. Shi ya sa za ka ga kango a tsakiyar unguwa shekara ashirin, ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari, ba mai ikon cewa komai. Daɗin daɗawa, yawancin gidajen cikin gari ba su da wannan takarda ma, abin da ke akwai shi ne takardar ciniki mai hannun mai unguwa da shaidu, wadda banki ba ya karɓa. Mahaifinmu ya rasu bai gama bin tasa ba.

Littafin da ya bar mana yana ba da tarihin ƙasar nan fiye da wasu littattafan da na karanta a jami'a. Shafin farko ya nuna naira shida ne kuɗin ɗaki a wata. A shekarun farko akwai wani layi da ya ja da jan biro, ya rubuta "na gyara", inda yake ware hayar ɗaki ɗaya daga cikin takwas ba ya taɓawa. Daga 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, sai layin ya fara ramewa. An ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, ma'aikata suka dawo daga Kaduna, gidaje suka yi wuya a babban birnin jiha, mu ma a Daura ɗaki bai ƙara kwana ba kowa ba. Amma cikar gida ba ita ce riba ba. Kwano da ƙusa da siminti suna tashi kowane wata, haya kuwa ba ta tashi sai bayan shekaru, domin 'yan hayar malamai ne 'yan'uwansa, yana ganin albashinsu, ya san abin da ke cikin tukunyarsu. A 1995, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari, jan layin ya ɓace daga littafin gaba ɗaya. Faɗuwar bangon nan da na ambata, a wannan shafi aka fara ta.

Ya rasu a 2016 ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Malamai suka zo suka yi lissafi, aka fitar da tumunin takaba, namiji ya sami rabon mata biyu, kamar yadda shari'a ta tsara. Da yake ba wanda ya so a sayar da gidan, sai aka bar shi na tarayya, aka ce ni in riƙa karɓar haya ina rabawa, tun da ni ne mai aikin ofis. A nan na gane abin da ke kashe gidajen gado a garin nan. Ranar rabon haya kowa yana da kaso, kuma kowa ya san kasonsa har kwabo. Ranar da masai ta cika kuwa, ba mai kaso. Yayarmu da ke aure a Kano tana jiran nata don kuɗin makarantar yara, ƙanenmu yana jiran nasa don ya sayi taki, Hajiya tana jiran nata don magani. Dukkansu suna da gaskiya. Idan na ce a bana ba rabo, kwano za a sauya, sai a fara kallona wani iri. Na taɓa kai maganar gaban wani malaminmu na fiƙihu, ya bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma idan lalacewar ta kai ga cutar da mazaunin, yana da zaɓin ya tashi. Haka kuwa ake yi. Ɗan haya na kirki shi ne yake fara tashi, domin yana da inda za a karɓe shi. Wanda ya rage shi ne wanda ba ya biya.

Ga kuma kunyar nan da na ce za mu sake gamuwa da ita. A gari irin namu ɗan haya ba baƙo ba ne na dogon lokaci. Wata shida ya yi yawa ya zama kuna sahu ɗaya a masallaci, matarsa ta zama ƙawar matarka, ka halarci sunan ɗansa. Ranar da ya riƙe hayar wata bakwai, da wane baki za ka ba shi notis? Na yi haka sau ɗaya. Kafin la'asar ya aiko mini da limamin unguwa da wani kawuna. Kawu ya ce, "Haba ɗana, mahaifinka bai taɓa korar kowa ba." Na ce, "Gaskiya ne Kawu, shi ya sa bango ya faɗi." Ban ƙara ba, domin na ga ransa ya ɓaci, kuma daga baya sai da na je na ba shi haƙuri. Mutumin ya ƙara wata biyar, ya tashi da dare, ya bar mana bashin wuta da ƙofa a ɓalle. Zuwa kotu kuwa, ko ka yi nasara, abin da za ka kashe na zirga-zirga da ranakun aiki da za ka rasa sun fi abin da kake bi.

Sauran matsalolin kowa ya san su, ba sai na tsawaita ba. Mita ɗaya ga ɗaki takwas, wannan yana da firji da abin dafa ruwa, wancan ƙwan fitila ɗaya gare shi, a ce a raba daidai. Ruwan famfo idan ya ɗauke sai 'yan garuwa. Iskar farkon damina tana neman kwanon da ƙusarsa ta saki. Gara tana cin katakon rufi, wanda ba azara ba ne. Kuma abin da ba na kowa ba, kamar masai da kwata da ƙofar waje, shi ne yake fara mutuwa.

Yanzu sai in zo kan zamanin da ya haifar da shawarar da aka kawo a taronmu. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, yake shugabancin ƙasa, Daura ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka buɗe asibitin sojojin sama, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa ta Daura. Ma'aikata da jami'an tsaro da 'yan kwangila suka cika gari. Gonakin bakin gari, inda muka yi kalar gyaɗa muna yara, aka yanka su fuloti-fuloti. Kowa ya zama dillali. Na san fili guda da aka sayar wa mutum biyu, dukkansu abokaina, kowanne da takardarsa da shaidunsa.

Abokan aikina da yawa sun ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata sun shiga. Wasu sun dogara da asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, sai suka tarar ba a ba da rancen sai da takardar mallaka. Waɗanda suka gama gini da wuri sun ci moriya, ban musa ba. Waɗanda suka makara kuwa, janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya suka riske su a tsakiyar aiki. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara. Duk wanda ya zagaya bayan gari zai ga gine-ginen da suka tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa, tumfafiya ta tsiro a falo. Kuma wani kaso na baƙin da suka sa haya ta tashi, zaman mulki ne ya kawo su, ba zaman gari ba. Allah Ya yi wa tsohon shugaban rasuwa a ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura bayan kwana biyu. Makarantu da asibiti suna nan, kuma su ne abin dogaro na gaskiya. Amma wanda ya yi lissafin hayarsa da cinkoson shekarun can, ya sake lissafi.

Game da ɗalibai kuwa, waɗanda su ne ake son gina wa ɗakunan, a tuna cewa ɗalibi ɗan haya ne mai hutu. An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, suka yi watanni a rufe. A 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu gidajen ɗalibai a Zariya da Kano da Katsina sun san yadda waɗannan watanni suka kasance, ɗaki a kulle da kayan mutum a ciki, ba haya, ba kuma damar ba wani. Sa'an nan ɗakin da aka ba mutum biyu, kafin zangon karatu ya raba za ka tarar da biyar, alhali ramin masan da aka haƙa na biyu ne.

Kada a fahimce ni cewa ina adawa da shawarar yayanmu. Gida ya fi kuɗi a banki a ƙasar da naira ke narkewa, kuma gidanmu, duk da abin da na faɗa, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita daga makarantarmu. Abin da nake tsoro shi ne, gidan ƙungiya gidan gado ne tun ranar da aka gina shi. Magadansa sun fi ɗari, shugabanninsa suna sauyawa bayan 'yan shekaru, kuma kowane sabon kwamiti zai fi son ya nuna abin da ya raba ko ya gina sabo, a kan ya ce ya kashe kuɗi wajen kwashe masai. Saboda haka ina roƙon kwamitin da aka naɗa, tare da girmamawa, kafin a biya kafin alƙalami na kowane fili, ya kawo wa babban taro amsar abu huɗu a rubuce: da sunan wa za a yi takardar, tun da shugabanni na sauyawa, wane ne zai riƙa hawa rufin kowace bazara, kuma nawa za a biya shi, kaso nawa na haya za a kulle a asusu dabam wanda ba a taɓawa sai don gyara, kuma wane ne a cikinmu zai iya ba ƙanen ɗan ƙungiya notis idan ya ƙi biya.

A namu gidan, bayan zama uku da 'yan'uwana, ɗaya har da kuka, mun amince a bara cewa hayar ɗaki biyu daga cikin takwas ba ta shiga rabo. Na sayi jan biro na maido da layin mahaifinmu a littafin. Da abin da ya taru muka sauya kwanon ɓangaren yamma kafin ruwan bana ya sauka, muka kuma fasa filastar gindin bangon arewa don a ga abin da ke ƙarƙashinta. Tsohon maginin nan ya zo da sandarsa ya duba, ya tura yatsa cikin bangon ya shige har gaɓa biyu, ya ce a bar shi a buɗe ya sha iska zuwa kaka. Duk ɗan kwamitin da ke son ganin littafin, ko bangon, yana iya samuna ta hannun Sakataren ƙungiya, ranar Asabar ko Lahadi, in Allah Ya kai mu.